Kwas ɗin da na faɗi ya ɓace daga fotal, ina mafita?

Laraba, bayan sallar isha'i

Autan Goggo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Don Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suke koyarwa a jami'a. Ba zan kama sunan makarantar ba saboda dokar zaure. Abokan shigata sun gama, wasu har sun tafi sansanin bautar ƙasa, ni kuma kwas biyu suka riƙe ni. Na farko na lissafi ne na aji biyu, yunit uku. Sau biyu ina faɗuwa, karo na uku kuma ban samu zama jarrabawar ba, ranar muna asibiti da Baba, Allah ya jiƙansa. Na biyun na aji uku ne, shi ko rajistarsa ban taɓa yi ba, domin sharaɗinsa sai ka ci wancan na aji biyun tukuna.

Lissafina shi ne bana in ɗauki na aji biyu a samistan farko, na aji uku a samista na biyu, in huta. Yau na biya kuɗin makaranta, na buɗe fotal, wato shafin intanet na makaranta da muke rajistar kwasa-kwasai, na nemi kwas ɗin sama da ƙasa babu shi. Na je wajen lebul kodinetanmu, malamin da yake kula da rajistar ajinmu, ya ce ai an canza manhaja, 'yan aji biyu na yanzu ba su ma san da shi ba. Wanda ya fi kama da shi a sabon tsari yunit biyu ne, kuma a samista na biyu ake yin sa. Ke nan shi da na aji ukun sun haɗu a samista ɗaya, kuma ba a yarda a ɗauke su tare. In haka ta tabbata na ƙara shekara guda cur. Shekarata 29 yanzu.

Ɗan Bolari: Wa alaikumus salam. Auta ai murna za ka yi, maƙiyinka ya riga ka mutuwa. Kwas ɗin da ya kayar da kai sau biyu aka soke, sai ka yanka zakara ka kira mu.

Maman Ikram: Kai Ɗan Bolari ka ji tsoron Allah, yaro yana cikin damuwa kana tsokanarsa. Auta Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ka yi haƙuri, Dakta yana nan cikin zaure, zai gani.

Hamma Injiniya: Maganar shekarun nan ita ta fi tsaya mini. Wanda ya haura 30 lokacin da ya kammala ba a tura shi bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Takarda ce mai kyau, ana karɓarta wajen neman aiki, amma alawus na shekara guda ya wuce ka, kuma mutane da yawa a wajen da suka yi hidimar aka riƙe su aiki.

Autan Goggo: Wallahi Hamma abin da ya hana ni cin abinci ke nan tun rana.

Dakta na Tumfure: Wa alaikumus salam. Yanzu na shigo gida. Auta, ban san makarantarku ba kuma ba sai na sani ba, domin abin da ya same ka yana samun ɗalibai a wurare da yawa. Bari in faro daga tushe, saboda iyayen da ke nan su gane.

Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ita doka ta ba ikon tsara mafi ƙarancin abin da za a koyar a kowane digiri a ƙasar nan, tun dokar soja ta 1985. Ta fitar da kundi na farko a 1989, sannan aka sake shi a 2007, shi ne wanda muke kira BMAS. A kansa aka ɗauke ka, Auta. A watan Disambar 2022, lokacin Farfesa Abubakar Rasheed yana shugabancin hukumar, aka ƙaddamar da sabo mai suna CCMAS, aka ce a fara aiki da shi daga Satumbar 2023. To amma kun san yajin aikin 2022 na wata takwas, ga na 2020 da korona, sun hargitsa kalandar kowa, don haka jami'o'i ba su shiga sabon tsarin rana ɗaya ba. Kowace ta fara da 'yan aji ɗayan da ta ɗauka, su kuma tsofaffi suka ci gaba da tsohuwar manhaja.

Ga inda gizo yake saƙar. Sabuwar manhaja tana hawa aji-aji tare da yaran da aka fara da su. Bara ta cinye aji ɗaya a makarantarku, bana ta cinye aji biyu, shi ya sa kwas ɗinka ya ɓace. Baɗi kuma aji uku za ta hau. Ka gane abin da nake nufi? Wannan na aji ukun da kake ganin yana nan yana jiranka, bana ce shekararsa ta ƙarshe. In ka yarda aka tura ka baɗi, shi ma za ka neme shi ka rasa, a sake cewa ka nemo mai kama da shi. Saboda haka wannan ba maganar haƙuri ba ce, bana za a warware ta.

Autan Goggo: Innalillahi. Wallahi Dakta ban ma yi wannan tunanin ba.

Bappa Malam: Allah ya gafarta Dakta, ni fa tsohon malamin firamare ne, kwalejin horon malamai muka yi, ba mu san yunit ba. Darasi ne ka ci ko ka faɗi. Mene ne wannan yunit uku da yunit biyu da yaron yake faɗa? Mudu ne ake aunawa?

Dakta na Tumfure: Ranka ya daɗe Bappa, ai kusan mudun ne. Yunit ɗaya shi ne awa ɗaya ta lacca a kowane mako har mako 15, ko kuma awa uku a ɗakin gwaje-gwaje. Kwas mai yunit uku ya fi mai biyu nauyi a aji, ya kuma fi shi nauyi wajen lissafin sakamako, domin makin da ka samu ana ninka shi da yawan yunit ɗin. Wanda ya ci A a mai yunit uku ya tara 15, wanda ya faɗi ya tashi da sifili amma ukun nan suna nan cikin abin da za a raba da shi. Shi ya sa faɗuwa a babban kwas take jan mutum ƙasa sosai.

A sabon tsari, mai digirin shekara huɗu sai ya ci aƙalla yunit 120 kafin a yaye shi, wanda ya shigo aji biyu kai tsaye da difloma ko NCE kuma 90, masu shekara biyar irin injiniyoyi 150. A samista ɗaya ba a ƙasa da 15, ba a wuce 24. Cikin 120 ɗin nan NUC ta rubuta kashi 70 cikin ɗari, wato wajen yunit 84, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ta ga ya dace da yankinta. Da aka zo matse kaya cikin 84, dole wasu kwasa-kwasai masu yunit uku suka koma biyu, wasu aka haɗe su, wasu aka yar.

Bappa Malam: To na gane. An rage mudu, amma bashin da ake bin yaron da tsohon mudu aka auna shi.

Dakta na Tumfure: Bappa ka gama magana. Ko an bar shi ya ɗauki sabon, akwai yunit ɗaya da sai an duba ko zai sa jimillarsa ta gaza.

Kwamared: Salam. Na so in yi shiru amma Dakta ya faɗi tarihin kamar kowa ya sa albarka aka yi. Ba haka aka yi ba. Ƙungiyarmu ta malaman jami'a, ASUU, ƙarƙashin Farfesa Emmanuel Osodeke ta fito a tsakiyar 2023 ta ce ba ta yarda ba. Dalili kuwa, dokar da ta kafa kowace jami'a majalisar malamanta ta ba ikon tsara abin da za a koyar da kuma wanda za a ba digiri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta yaya za a zauna a Abuja a rubuto maka kashi 70, a ce kai da ka shekara ashirin kana koyar da abin ka cike gurbin da ya rage? Har misali ƙungiya ta kawo, cewa a kashi 70 na masu karatun Fiziks babu kwas ɗin Kemistiri. Irin wannan gaggawar ce take haifar da matsalar su Auta. An yi tunanin wanda zai shigo, ba a yi tunanin wanda bai fita ba.

Dakta na Tumfure: Kwamared, ni ma ɗan ƙungiya ne, ana cire mini kuɗin wata-wata kamar kai. Amma a faɗi gaskiya, waɗanda suka rubuta kundin nan ba 'yan kasuwa ba ne, farfesoshi ne daga jami'o'inmu. Kuma tsohon tsarin da kake karewa ai shi ma daga Abuja ya zo, kusan gaba ɗayansa ma. Yanzu ne aka ce ga kashi 30 naku. Me muka yi da shi? A sashenmu na ga yadda aka yi, kowane babba ya tsaya kai da fata sai an dawo da kwas ɗin da ya saba koyarwa, don kada tsohuwar takardar laccarsa ta mutu. Jihar da take da madatsar ruwa ta Dadin Kowa, da siminti a Ashaka, da kwal a Maiganga, da shanu ko ta ina, amma mu zauna mu cike kashi 30 da abin da muka koyar shekara goma sha biyar da suka wuce. Wannan laifin NUC ne?

Kwamared: Da wane kayan aiki za ka koyar da sabon abu? Ka rubuta kwas a kan noman rani na zamani, ka kai yara ɗari uku Dadin Kowa a wace mota? Rubuta manhaja ba wuya. Malamai suna barin aiki suna tafiya waje, waɗanda suka rage kowa yana ɗauke da kayan mutum uku, kuɗin ƙarin aiki da aka yi alkawari tun yarjejeniyar 2009 kullum sai an yi yaji kafin a ga wani abu. Yanzu kuma za ka ce sashe ya riƙa tafiyar da manhaja biyu lokaci ɗaya.

Dakta na Tumfure: A nan ba mu da saɓani. Amma shi yaron ba shi ya hana mu mota ba.

Ɗan Bolari: Malamai biyu sun kaure, mu 'yan kasuwa bari mu gyara zama.

Maman Ikram: Tunda ana maganar canje-canje, don Allah ku ba ni aron zauren minti biyu, Auta ka yi haƙuri. Ikram sau biyu tana zama jarrabawa, WAEC da NECO, tana da kiredit bakwai har da Turanci, amma lissafi D7 da E8. Ita Hausa take so ta karanta ko Tarihi. Wata ƙawata ta ce mini an cire lissafi ga 'yan ajin Arts, masu karatun adabi da makamantansa. Gaskiya ne ko labarin Facebook ne? Don har na fara tara kuɗin sake rajista.

Dakta na Tumfure: Adda gaskiya ne, amma da sharaɗi. A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ƙarƙashin Dakta Tunji Alausa ta fitar da sabbin ƙa'idojin shiga manyan makarantu. Don shiga jami'a ana son kiredit biyar a darussan da suka dace, har da Turanci, a zama ɗaya ko biyu. Lissafi kuma ya zama dole ne ga masu kimiyya da fasahar ƙere-ƙere da kimiyyar zamantakewa. Hausa da Tarihi ba sa cikin waɗannan. Sai dai abu biyu. Ma'aikatar ta sake fitowa ta ce har yanzu kowane ɗalibin sakandare dole ya yi rajistar lissafi ya zauna jarrabawarsa, kiredit ɗin ne kawai ba dole ba ga wasu kwasa-kwasan. Sannan kafin ku cike fom ku buɗe littafin JAMB na sharuɗɗan kwasa-kwasai ku ga abin da jami'ar da take so ta rubuta. In kuma gobe ta ce ta fasa, Tattalin Arziki take so ko Kimiyyar Siyasa, to lissafin ya dawo.

Maman Ikram: Alhamdulillahi. Allah ya saka da alheri Dakta. Wallahi yarinyar nan har rama ta yi saboda lissafi.

Bappa Malam: Ni kam wannan bai kwanta mini ba, 'yata ki yi haƙuri, ba da jikata nake ba. Yawancin masu karanta Hausa da Tarihi ina suke ƙarewa? Aji. Na yi hedimasta shekara goma sha ɗaya, na ga malamin da aka ba shi makin yara arba'in ya fitar da matsakaici ya jera na ɗaya zuwa na ƙarshe, ya kwana biyu yana fama. In aka ce wa yaro tun aji huɗu na sakandare ba ka buƙatar cin lissafi, ranar zai rufe littafin. Ka ce masa dole ya zauna jarrabawa amma ba dole ya ci ba, ai ka sallame shi ke nan.

Ɗan Bolari: Bappa da girmanka, zo Tudun Hatsi ranar da kaya suka sauka. Akwai dattijon da ko aji ɗaya bai yi ba, zai lissafa maka buhu ɗari biyu da kuɗin dako da la'ada kafin ka ciro waya daga aljihu. Wanda ake faɗuwa a WAEC ai ba shi ne lissafin duniya ba. Ni tunda na bar makaranta ba wanda ya taɓa tare ni ya ce in nemo masa x.

Bappa Malam: Shi dattijon yunwa ce ta koya masa. Kai da aka biya maka kuɗin makaranta me ya hana ka?

Ɗan Bolari: Na janye, ranka ya daɗe.

Maman Ikram: Bappa na ji maganarka kuma gaskiya ce ta wani gefen. Amma yara mata nawa muka sani a unguwar nan da suka zauna shekara biyu, uku suna jiran lissafi, har aka gaji aka yi musu aure karatun ya tafi? Gara ta shiga da D7 ɗinta da ta zauna a gida.

Bappa Malam: Wannan kam ba ni da amsarsa. Allah ya yi mata albarka.

Hamma Injiniya: Ni abin da nake so Dakta ya taɓa shi ne farfasa kwasa-kwasai da aka yi. Da ka ce ka karanta Kimiyyar Kwamfuta kowa ya gane. Yanzu an mayar da harkar kwamfuta fanni mai zaman kansa, akwai digirin tsaron intanet daban, na ƙera manhajar kwamfuta daban, na kimiyyar bayanai daban. Aikin jarida ma haka, an raba shi, akwai na rediyo da talabijin, na hulɗa da jama'a, na talla, na fim. Hatta a foliteknik, hukumar NBTE mai kula da su a 2024 ta raba HND ta kwamfuta gida huɗu. Ni ina ɗaukar yara aiki a shagona, kuma abin da nake gani shi ne sunan ya canza amma ɗakin kwamfutar bai canza ba. Yaro ya zo da takardar ƙwarewa a tsaron intanet, ka ce ya haɗa maka kwamfuta biyar su ga firinta ɗaya, sai ya fara zufa. Kuma a gari irin Gombe wanda ya iya abu kaɗan-kaɗan daga kowane ɓangare shi yake samun na abinci. Wa zai ɗauke ka aikin tsaron intanet zalla a Bajoga?

Kwamared: Ka ji ko, Dakta? Ba ni na faɗa ba.

Dakta na Tumfure: Na ji. Amma Hamma, yaron Bajoga ba dole a Bajoga zai yi aiki ba, akwai masu zama a ɗaki a nan garin suna yi wa kamfanonin waje aiki. Inda na yarda da kai shi ne jami'a kada ta buɗe abin da ba ta da malamansa don kawai sunan yana jan ɗalibai. Abu ɗaya da ni dai na yaba a sabon tsarin shi ne rage kwasa-kwasan GST, waɗanda kowa yake yi ko me yake karanta. An dawo da su daga yunit 36 zuwa 12, kwas shida kacal: Turanci, al'ummomin Najeriya da al'adunsu, falsafa da mantiƙi, zaman lafiya da sasanta rikici, sai biyu na sana'a da kafa kasuwanci. Da yara dubu ake tarawa a zaure ɗaya, na baya ko muryar malami ba ya ji.

Malama ta Laburare: Dakta ka yaba, mu kuma muna kuka. Cikin shidan nan da ka lissafa ina kwas ɗin koyon amfani da laburare? Yaro zai kai aji huɗu bai san yadda ake nemo littafi a kanta ba, bai san yadda ake ambaton inda aka ɗauko magana ba, sai lokacin rubuta kundin kammalawa ya zo yana kwafo komai daga waya. Ku ne kuma za ku fara ƙorafi.

Dakta na Tumfure: Malama na karɓi wannan. Wanda ya dace a sa cikin kashi 30 ke nan, maimakon tsofaffin takardunmu.

Shugaban Zaure: Jama'a ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce. Mai tambaya yana nan ya yi tsit tun ɗazu, an bar jaki ana dukan taiki. Dakta da Kwamared, ku da kuke ciki, ku gaya wa yaron nan ƙofar da zai buga gobe da safe.

Autan Goggo: Ina nan Shugaba, ina karantawa.

Dakta na Tumfure: To Auta buɗe kunnenka. Kada ka yi rajistar komai tukuna, kuma kada ka yarda da maganar baki, ko daga wa ta fito. Fotal ba shi yake yanke hukunci ba, abin da aka zuba masa yake nunawa. Masu ikon su ne sashe, daga nan hukumar tsangaya, daga nan majalisar jami'a. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce ana yaye ɗalibi a kan manhajar da aka ɗauke shi da ita, don haka ba alfarma kake roƙo ba.

Gobe ka fara da jami'in jarrabawa na sashenku, ya fitar maka da sakamakonka tun daga aji ɗaya, ku ƙirga yunit nawa ka ci, nawa ake buƙata a tsarinku na da. Kada ka ɗauka 120 ne, a tsohon tsari sassa da yawa sun haura haka. Daga nan ka rubuta takarda zuwa ga shugaban sashe ta hannun lebul kodineta. Abin da za ka fara nema shi ne a buɗe muku tsohon kwas ɗin a wannan samistan. In an ce ba zai yiwu ba, to a ba ka izini a rubuce ka ɗauki sabon tare da na aji uku a samista na biyu, a kuma faɗi abin da zai cike yunit ɗayan in akwai giɓi. Ka sa takardar asibitin Baba a ciki, ka yi hoton komai, ka tabbatar sakataren sashe ya buga maka hatimin karɓa a naka kwafin.

Kwamared: In ƙara masa abin da Dakta ba zai faɗa ba saboda kunya. Kada ka je kai kaɗai. Kwas ɗin lissafi na aji biyu ba mutum ɗaya yake kayarwa ba, na rantse akwai irinka a sashenku da maƙwabtanku. Takardar mutum ɗaya tana iya kwana wata biyu a tire, ta mutum goma sha biyar kuwa dole a kai ta taro. Kuma ku yi sauri kafin a fitar da jadawalin lacca, domin da zarar an raba wa malamai kaya, ba mai son a ƙara masa ko da allura. Ni kaina in aka ce in koyar da kwas don mutum ɗaya zan yi gunaguni, gaskiya ke nan. Ka kuma tuna akwai iyakar zama, digirin shekara huɗu ba a so ya wuce shida, kai kana ta biyar.

Bappa Malam: Kuma ka je da ladabi, ɗana. Ka sa kaya masu kyau, ka gaishe da masinja kafin ka gaishe da shugaba. Na ga takardar da masinja ya hana ta tafiya, na ga wadda ya ɗauka da hannunsa ya kai har tebur.

Ɗan Bolari: In an buɗe maka kwas ɗin kuma ka sake faɗuwa, kada ka dawo zauren nan, ka wuto kasuwa kai tsaye, ina neman yaron shago.

Autan Goggo: Hamma Ɗan Bolari in sha Allahu ba za ka same ni ba. Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya bar zumunci. Zan dawo da bayani.

Alhamis ta mako na biyu

Autan Goggo: Assalamu alaikum. Na dawo da rahoto kamar yadda na yi alkawari. Da na sa cigiya a zauren ajinmu, mu goma sha huɗu muka fito daga sassa uku, har da wata mai goyo da take zuwa daga Kumo kullum. Mun rubuta takarda ɗaya kowa ya sa hannu. An kai ta taron tsangaya ranar Talata. An yarda za a mayar da tsohon kwas ɗin fotal saboda mu, wannan samistan kaɗai, kuma an ce daga shi ba ƙari. Sai dai malamin da yake koyar da shi ya tafi hutun bincike na shekara, wanda aka ba mu kuma ya ce kayansa sun yi yawa, sau ɗaya zai riƙa ganinmu a mako biyu, sauran mu yi da kanmu. Har yanzu ana jiran majalisa ta sa hannu, amma shugaban sashe ya ce mu fara karatu.

Dakta na Tumfure: Madalla. Ka samu kwafin abin da taron ya zartar ka ajiye, ko hoto ne. Ranar tantance masu kammalawa za ka gode mini.

Kwamared: Sau ɗaya a mako biyu, a kwas mai yunit uku. Dakta ka lissafa mana awa nawa ke nan cikin 45 ɗin da kundi ya ce.

Dakta na Tumfure: Kwamared ka bar ni in sha shayina. Auta, ranar Asabar bayan la'asar ina gida. Ku zo ku duka, akwai allo a zaure, amma kowa ya zo da tambayar da ya gwada ya kasa, ba zan fara daga farko ba.

Maman Ikram: Ita mai goyon ta kawo yaron wajena in za ku shiga, gidanmu ba nisa.

Autan Goggo: Allah ya saka da alheri Adda, zan gaya mata. Saura abu ɗaya. Littafina na kwas ɗin ruwa ya ci shi da damina, kuma masu shagon hoto na bakin makaranta sun ce sun zubar da tsofaffin takardun tunda aka canza manhaja. Ko akwai wanda ƙaninsa ko ɗansa ya ajiye nasa?

Hamma Injiniya: Turo mini lambar kwas ɗin ta gefe. Ƙanina ya yi irinsa, takardunsa suna cikin wani buhu a gidanmu na Dukku, in ɓera bai riga mu ba. Zan sa a ba direba gobe Juma'a, ka je tasha bayan an sauko daga masallaci ka karɓa.

Autan Goggo: Na tura, Hamma.